Yadda Ake Koyon Kiɗan Fim: Daga Kallon Hoto Zuwa Miƙa wa Edita Aiki

Aikin farko da aka taɓa ba ni ɗan gajeren fim ne na minti 40, ni kuwa don zumuɗi na shimfiɗa masa kiɗa tun daga sunayen farko har ƙarshe, ko wurin numfashi ban bari ba. Darakta ya zo kallo, ya zauna a benci ya harɗe hannu, bai ce uffan ba sai da muka kai wurin da aka zo gaya wa wata dattijuwa an kama ɗanta. Tana cikin dama fura, ludayin ya suɓuce mata ya faɗa a ƙwarya. Ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya ce, "Malam, ina ƙarar ludayin?" Kiɗana ya haɗiye ta. Ashe sau shida suka maimaita ɗaukar wurin a lokeshin saboda wannan 'yar ƙarar kaɗai. A daren na goge fiye da rabin abin da na yi, fim ɗin kuma ya fi kyau.

Abu biyu ne ake haɗawa a kira su kiɗan fim. Akwai waƙar fim, wadda jarumai ke hawa su yi rawa. Ita ce ta ɗauke mana hankali tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya cika situdiyoyin Kano. Akwai kuma kiɗan rakiya, wanda ke tafiya a ƙarƙashin magana da motsi, a situdiyo za ka ji ana ce masa bakgirawun. Shi wannan an daɗe ana bar wa edita, ya buɗe jakarsa ta kaɗe-kaɗen finafinan Indiya da na Amurka ya ɗora duk wanda hannunsa ya kai. Yanzu da finafinai masu dogon zango suka koma YouTube, kiɗan aro ya zama abin tsoro, don manhajar na gane kiɗan mai shi, ta karkatar masa da kuɗin talla ko a rufe bidiyon. Ƙofar da za ka shiga ke nan, kuma a kan kiɗan rakiya zan yi magana.

Kayan aiki

Kwamfuta: laftof mai RAM 8 GB zai fara da kai, 16 ya fi kwanciyar hankali. Ka fi kula da lafiyar batirinsa a kan kyan jikinsa, domin ranar da aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki za ka gane dalili.

Manhajar haɗa kiɗa wadda ke buɗe bidiyo: wannan sharaɗi ne. Cubase na yi, Reaper na yi. Reaper na ba da kwana 60 na gwaji, lasisinsa na ƙananan masu sana'a dala 60 ne, kuma ba ya wahalar da tsohuwar kwamfuta. In ka riga ka saba da FL Studio, kada ka watsar da shi, ka dai tabbatar naka yana da tagar bidiyo.

Fiyano mai haɗuwa da kwamfuta: mai maɓalli 49 ya isa. Tsohon Yamaha PSR mai ramin USB a bayansa shi ma zai yi aikin, ba sai ka sayi sabo ba.

Hedfon mai rufe kunne, wanda ba ya ƙara wa bes, wato amo mai kauri na ƙasa, gishiri. Lasifikokin situdiyo na iya jira. Sai akwatin shigar da sauti, irin Focusrite Scarlett ko Behringer, da makirfo guda ɗaya. Waɗannan biyun ba ka buƙatarsu sai ranar da za ka ɗauki makaɗi.

Sautuka: akwai na kyauta masu kyau, kamar BBC Symphony Orchestra Discover daga kamfanin Spitfire, da Vital. Suna cin data wurin saukewa, ka nemi inda intanet ke da arha ka sauke sau ɗaya.

Sai littafi da biro. Ba wasa nake ba.

In ba ka da kwamfuta, BandLab a waya zai ishe ka matakai uku na farko. Ka fara da shi, kada ka zauna jiran kaya.

1. Koyi kallo kafin ka taɓa fiyano

Zaɓi fitowa ɗaya mai minti uku daga fim ɗin da kake so. Kalle ta sau uku: na farko yadda take, na biyu ka kashe sautin gaba ɗaya, na uku ka rufe ido ka saurara kawai. Sannan ka rubuta a littafinka: a wane sakan kiɗa ya shigo, me ya faru a hoton da ya jawo shi, waɗanne kaya ne suka yi shi, a ina ya fita. Ka yi wa fitowa biyu haka kullum na tsawon wata guda, ka cakuɗa na Hausa da na Indiya da na Turkiyya da na Amurka.

Kafin sati biyu za ka lura da wani abu: ƙwararru ba sa shigo da kiɗa don mutum ya yi kuka, suna shigo da shi ne a lokacin da abin ya faɗo masa a zuciya, kafin hawayen. Za ka kuma ga yawan wuraren da suke bari fayau.

2. Ɗan abin da kake buƙata daga ilimin kiɗa

Ba sai ka iya karanta rubutun kiɗa ba kafin ka fara. Ɗora yatsunka a kan baƙaƙen maɓallai kawai ka yi ta yawo. Guda biyar ne suke maimaita kansu, kuma za ka ji abin da ke fitowa ya yi kama da gida, domin yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan amo biyar suke tafiya. A fararen maɓallai, irinsu su ne masu suna A, C, D, E, G. Ka saba da su har hannunka ya riƙa zuwa da kansa.

Daga nan ka koyi kod huɗu, wato amo uku-uku da ake dannawa tare: Am, F, C, G. Ka koyi kuma riƙe amo ɗaya mai kauri ya yi ta tafiya a ƙasa. Gwada wannan: danne D na can ƙasa ka riƙe, bayan sakan biyar ka ƙara baƙin maɓallin da ke manne da shi ta dama. Wannan gogayyar da ka ji, ita ce rabin kiɗan fargaba na duniya. Da amo biyu maƙwabtan juna mai kiɗan fim John Williams ya tsorata masu kallo a fim ɗin Jaws na 1975.

Sauran duk juya abu huɗu ne: sauri ko nawa, sama ko ƙasa, kaya da yawa ko guda ɗaya, da ƙarfi ko a hankali.

3. Yi wa mutanen fim take

Nan ne Bahaushe ke da gado. Sarki na da takensa, ɗan dambe na da nasa, da an kaɗa kowa ya san wanda ake nufi ko bai fito fili ba. Abin da mai kiɗan fim ke yi ke nan. Ka ɗauki manyan mutane biyu ko uku na labarin, ka yi wa kowanne ɗan gajeren kari, amo huɗu zuwa bakwai, wanda yaro zai iya yin fito da shi bayan ya ji sau biyu. In kai da ka yi shi ka manta da shi washegari, bai yi ba, sake wani.

Aikin gida: take ɗaya na wata jaruma, ka fitar da shi kala biyar. Ranar aurenta a yi shi da sarewa da tafi. Ranar da aka sake ta a yi shi da fiyano kaɗai, a ja shi. Lokacin da take ƙulla makirci a mayar da shi can ƙasa a bes. Lokacin da take gudu a sa masa ganguna. Lokacin da ake tuna ta bayan ta rasu, a kaɗa rabinsa a tsaya. Wanda ya iya wannan zai ciyar da fim mai kashi 30 da take uku, ba tare da mai kallo ya gundura ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne a yi wa kowace fitowa sabon kiɗa. Mai yi ya gaji, fim ɗin kuma ya tashi ba shi da kama.

4. San abin da kowane kayan kiɗa ke faɗa

Kayan kiɗanmu ba su zo hannu rabbana ba, kowanne da gidan da ya fito. Kakaki da tambari na sarauta ne, kada ka busa wa attajiri kakaki don kawai ya fito daga babbar mota, sai fa in ba'a kake masa. Kotso na tuna wa mutane fada da su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da taron biki, kuma shi Shata ya yi tashe da shi. Garaya na jan hankali zuwa maharba da bori, goge ma yana da wannan ƙamshin. Sarewa daji ce da kiwo. Shantu da ƙwarya na cikin gida ne, na mata. Mandiri na bege ne, ka yi hattara da inda za ka kai shi. Kuntigi kuwa da an ji shi Ɗanmaraya Jos ake tunawa.

Kalangun cikin fiyano hoto ne kawai, ba ya lanƙwasa murya. In da hali ka ɗauki makaɗi na gaske. Ka bari sai bayan isha'i gari ya yi shiru, ka jingina katifa a bango, ka rataya bargo a ƙofa, ka kashe fanka, ka nisanta janareta. Makirfo ya tsaya kamar kamu biyu daga bakin gangar. Ka sa ya buga da iyakar ƙarfinsa, ka rage ƙarfin shigar sautin har ma'aunin da ke manhajar ya tsaya wajen −12, kada ya taɓa ja. In babu makirfo, waya mai kyau a ɗaki marar amsa-kuwwa ta fi sautin roba. Ka ɗauki gajeru da dogaye, masu sauri da masu nawa, ka adana, za su yi maka shekaru. Ka biya shi hakkinsa, ka kuma gaya masa a fim za a sa.

Sai gargaɗi: kalangu magana yake yi. Na taɓa ɗora wani bugu mai daɗi a fitowar wani malamin makarantar allo, wani dattijo da ke wurin ya fashe da dariya, ya ce ai kirarin mahauta ne ake yi wa malam. Tun daga ranar, duk abin da makaɗi ya buga sai na ce, "Baba, me gangar ta ce?"

5. Gwaji a kan hoto

Ɗauki wayarka ka yi bidiyon minti ɗaya: ƙaninka ya shigo ɗaki, ya tarar da takarda, ya karanta, ya zauna. Yi masa kiɗa iri uku, ɗaya ya nuna labarin mutuwa ne, ɗaya takardar ɗaukar aiki, ɗaya barazana. Nuna wa mutanen gida ba tare da bayani ba, ka tambaye su me ke cikin takardar. In sun canka, ka kama hanya. In kana son hoto mai kyau na gwaji, gajerun finafinan da gidauniyar Blender ta saki an yarda kowa ya yi amfani da su, muddin ya ambaci masu su.

6. Zama da darakta

Ranar da aiki na gaske ya zo, tambayarka ta farko ita ce: an gama yanka? Kada ka fara sai edita ya rufe hoto. In aka cire sakan huɗu a minti na uku, duk abin da ka jera bayansa ya goce.

Ka roƙi edita abu uku: bidiyo mai agogon firem a rubuce a jikinsa, sautin maganganu shi kaɗai ba kiɗan gwaji a ciki, da adadin firem, wato hotunan da ke wucewa, a sakan. Galibi 25 ne ko 24, wani lokaci 23.976. Ka saita manhajarka daidai da nasa. Tsakanin 24 da 23.976 kamar ba komai, amma a fim na awa ɗaya ya haura sakan uku da rabi, ya isa ya sa gangarka ta faɗi bayan an gama marin.

Sannan ku kalli fim ɗin tare daga farko, kana tsayarwa kana rubutawa: lamba, inda kiɗa zai shiga, inda zai fita, da abin da ake so mai kallo ya ji. Kada ka tambayi darakta wane kod yake so. Tambaye shi, "Yallaɓai, a nan tausayin wa za mu ji, ita ko shi?" ko "Mai kallo ya riga ya san ƙarya yake yi?" In ya ce a sa "mai taɓa zuciya", ka sa ya nuna maka misali, don abin da ke taɓa tasa zuciyar ba lallai shi ke taɓa taka ba.

A wannan zaman ne za ku yanke inda ba za a sa komai ba. Ba a sa kiɗa a ƙarƙashin karatun Alƙur'ani, ko kiran salla, ko salla. Wurin gaisuwar mutuwa ma sau da yawa shirun mutane da kukan tsuntsayen tsakar gida sun fi duk abin da za ka kaɗa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

7. Ɗora kiɗan

Fara da fitowar da ta fi kowace nauyi a fim ɗin, ba ta farko ba. In ta zauna, sauran daga jikinta za su samu.

Sa alama a wuraren da hoton ya juya, sannan ka nemo saurin da zai kai ka can. Lissafin ba wuya. A ce daga buɗe ƙofa zuwa lokacin da matar ta ga hoton a wayar mijinta sakan 36 ne, kana son gaɓa 12 masu bugu huɗu-huɗu, wato bugu 48. Ninka 48 da 60, ka raba da 36, ka sami 80. Sa saurin a 80, bugu na gaba zai faɗo daidai kan fuskarta. Amma kada ka bi kowane motsi da ganga. Abu ɗaya ko biyu a fitowa sun isa, in ka wuce haka ya koma wasan yara, sai dai in barkwanci ake yi.

Shigowa ta fi kyau a ɓoye: a bayan ƙarar rufe ƙofa, ko tashin mota, ko lokacin da kyamara ta fara matsawa. Fita kuma ka bar amon ƙarshe ya mutu da kansa, kada ka datse.

Sai babbar magana: Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace jimla da tashinta da saukarta. In ka sa sarewa ko algaita tana yawo a daidai tsayin muryar mai magana, mutum biyu ne ke magana lokaci guda. Don haka in ana zance, ka koma ƙasa, dogon amo, motsi kaɗan. Ka ajiye karin sai an yi shiru, ya fito tsakanin jimla da jimla kamar 'yan amshi. Ka saurari yadda 'yan amshin makaɗan fada ke jiran ubangidansu ya sauke kafin su ɗauka.

8. Miksin (daidaita sautuka) da miƙa aiki

Magana ce sarauniya. Ka sauke kiɗa har sai ka ji kowace kalma ba tare da ka kasa kunne ba, sannan ka ƙara saukewa kaɗan. In har yanzu suna karo, ka ɗan rage wa kiɗan ƙarfi tsakanin 1 zuwa 4 kHz, nan ne harafin magana ke fitowa.

Yawancin masu kallonka a waya za su gani, wasu a shagon caji ko a cikin A Daidaita Sahu. Lasifikar waya ba ta fitar da bes mai zurfi. In duk fargabar da ka gina a can ƙasa take, a waya babu ita. Ka tura wa wayarka ka saurara a tsakar gida kafin ka ce ka gama.

Ka fitar da WAV, 48 kHz, 24 bit. Masu waƙa sun saba da 44.1, amma bidiyo a 48 yake, tun ranar farko ka saita. Ka ba edita kiɗan a haɗe, ka kuma ba shi a rarrabe: ganguna daban, kari daban, shimfiɗa (dogon amon da ke ƙarƙashi) daban, bes daban, kowanne ya fara daga sifirin agogon fim ɗin, yadda zai ajiye su kawai su zauna. Amfanin rarrabewar, in ganga ta danne wata kalma zai rage ta ita kaɗai maimakon ya kashe kiɗan duka. Ka kai a filashi ko Google Drive. In ta WhatsApp ne dole, ka tura a matsayin dokumen don kada a matse shi.

9. Samun aikin farko da maganar kuɗi

Haɗa gwaje-gwajenka mafi kyau guda huɗu a bidiyo ɗaya da bai wuce minti uku ba, ka riƙe a waya. Wanda za ka fara nema edita ne, ba furodusa ba. Shi ne ke kwana yana neman abin da zai ɗora, shi ne kuma zai ambaci sunanka. A Kano ka zaga situdiyoyin Zoo Road, in ka sami mai karɓarka a matsayin yaron situdiyo ka zauna ko shekara ce. Ka nemi ɗaliban koyon aikin jarida na Jami'ar Bayero da na Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, kullum suna da gajerun finafinan kammala karatu marasa kiɗa. Masu barkwanci na YouTube, wasan kwaikwayon rediyo, tallan makaranta ko na shago, duk makaranta ce. A. R. Rahman, shahararren mai kiɗan finafinan Indiya, ma da kiɗan talla ya yi shekaru kafin fim ɗinsa na farko a 1992. In a Kano za ka zauna da sana'ar, ka je Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ka ji sharuɗɗan rajista.

Na farko ko na biyu kana iya yi don suna. Daga nan ba a fafe gora ranar tafiya: kafin ka danna maɓalli ɗaya ku rubuta, ko a takarda guda ce, nawa ne kowane kashi, rabi kafin alƙalami, gyara sau nawa ne kyauta (ni biyu nake yi), yaya za a rubuta sunanka a fim, kuma wa ke da kiɗan bayan an gama. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, sallama wa wani mallakar aiki sai a rubuce. Ka fayyace ko fim ɗin nan kaɗai ka ba su, ko sun saye ne ɗungurungum. In sun saye, farashin daban ne. Kada kuma ka yi wa kiɗan rajista a tsarin kama kiɗa na YouTube ba da sanin furodusa ba, in ba haka ba kai ne za ka fara kama fim ɗin da ka yi wa aiki.

Wanda za ka tura don a duba, ka tura shi a manne da bidiyo mai ƙaramin inganci. Rarrabbun fayiloli sai cikon kuɗi ya shigo. Na taɓa sakin su da "gobe in sha Allahu", sai a talabijin na ƙara jin kiɗana.

In an gama, ka rubuta jerin duk kiɗan da ke fim ɗin, kowanne da lambarsa da tsawonsa da sunan makaɗan da suka buga, ka ba furodusa kwafi ka riƙe kwafi. Ka adana aikin a wuri biyu, ɗaya ba a cikin laftof ɗin ba. Mai dogon zango yakan dawo bayan wata takwas, darakta ya kira ka da daddare ya ce a kashi na 31 yarinyar nan da aka zaci ta mutu za ta dawo, yana son takenta na kashi na 2, amma wannan karon da goge.